Daga Ayarin Fatake zuwa Kabu-kabu: Tsaron Hanya a Ƙasar Madarunfa

Ƙasar Madarunfa, wadda take kudu da birnin Maraɗi, ta daɗe tana zaman mashigi tsakanin Katsinar Maraɗi da birnin Katsina. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina wajen shekara ta 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Daga nan sassan biyu suka shafe ƙarni na 19 suna kai wa juna hari, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Dazuzzukan da ke tsakani suka zama maɓoyar mahara, mutum ɗaya bai isa ya ratsa su ba.

Dabarar mutanen wancan zamani ita ce tafiya cikin ayari. Madugu ke shugabancin fatake, jagaba na gaba yana duba hanya, ana biyan sarakuna kuɗin fito, ana kwana a zango inda kowa ya san kowa. Abin da ya tsare matafiyi shi ne yarda da sanin juna.

Da Turawan Faransa da na Ingila suka shata iyaka, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai motocin gyaɗa suka maye gurbin jakuna, tashar mota ta gaji zango. Daga baya aka samu kabu-kabu, wato babur na haya, wanda ya zama ƙafar talaka cikin Maraɗi da hanyoyin Ɗan Isa, Gabi da Safo. Da shi mai ciki ke zuwa asibiti, da shi malami ke isa makarantar ƙauye.

Ana cikin haka sai fitinar ƴan bindiga ta Zamfara da Katsina ta tsallako iyaka. A 2019 dubban ƴan gudun hijira suka kwararo jihar Maraɗi, dajin Baban Rafi kuma ya yi ƙaurin suna wajen satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa. Babban abin takaici, babur ɗin da ɗan kabu-kabu ke neman abinci da shi, irinsa maharan ke hawa. Nan zato ya shiga: fasinja na tsoron wanda ya ɗauke shi, mai babur na tsoron a yaudare shi zuwa bayan gari a ƙwace masa abin hawa. Da magariba hanya ta mutu, kuɗin haya ya hau, cin kasuwannin ƙauye ya ragu. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure, ta kuma taƙaita hawan babur da dare, matakin da ya taɓa mai laifi da marar laifi baki ɗaya.

Sintirin jandarma da soja wajibi ne, amma bai wadatar ba shi kaɗai. Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu, in suka yi wa membobinsu rajista da lamba, suka san wanda ya ɗauki wa da inda ya nufa, aikin madugu da jagaba suke yi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma tun zamanin fatake haka hanyar Madarunfa ta nuna.