Liyari da Jabu: Yadda Aka Riƙa Rarrabe Kuɗin Azurfa a Hanyar Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari suna kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Boɗinga zamanin da Shehu ya ke Sifawa, kuma ta wannan hanya Baturen nan Barth ya bi a shekarar 1853. A lokacin nan wuri ne kuɗin cefane, amma fataken da su ke ratsa garuruwan nan su kan riƙe azurfa saboda babban ciniki, don kuwa buhun wuri kayan jaki ne. Barth ya tarar ana canja dala guda da wuri 2,500 a Kano cikin 1851. Ashe wanda aka cuta da dala ɗaya ta ƙarya ya yi hasara mai yawa.

Azurfar da ta fi yawo ita ce dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda Hausawa su ke kira riyali ko liyari. Kalmar ta shigo ne daga Larabci, su kuma Larabawa daga bakin mutanen Sifen su ka ɗauko ta. Nauyin dalar ya ɗan ɗara giram 28, kuma cikin kashi 1,000 na jikinta 833 azurfa ne, saura jan ƙarfe.

Abin lura shi ne, shekarar da ke jikinta ba ta shaida kome game da tsufanta. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara ba canji, domin 'yan kasuwar Habasha da ƙasashen Larabawa sun saba da kamarta. Daga 1935 an buga ta a Roma, sa'an nan a Landan da Faris da Bombai, har wa yau kuma ana buga ta a Biyana. Duk waɗannan ba jabu ba ne, tun da azurfarsu cikakka ce.

Saboda haka ɗan kasuwa bai dogara ga rubutu ba, wanda ko ma ba ya iya karantawa. Kunne da hannu da ido su ne ma'auninsa. Idan aka saki azurfa bisa dutse ta kan yi amo mai tsawo, ta dalma kuwa sai ta faɗi tim, ba ƙara. Dalma tana da taushi, haƙori ya kan bar mata shaida. Ta kuza ko ta tagulla da aka shafe da ruwan azurfa ba ta kai nauyi ba, in kuwa aka goga ta launin ciki ya kan fito. Dalar gaskiya bugawa a ke yi, akwai rubutu a gefenta kewaye. Ta ƙarya yawanci zubi ce, shi ya sa a kan ga ƙananan ramuka a fuskarta da tabon haɗi a gefe. In gardama ta yi tsanani sai a je wurin maƙerin fari, wanda aikinsa ne narkar da dala ya yi zobe da munduwa da adon doki.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 al'amarin ya sake. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, ta fito da sule da fataka na azurfa a 1913. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai a 1920 aka koma buga su da gaurayen tagulla. Daga nan darajar sule ba ta cikin ƙarfensa, tana ga tambarin hukuma, watau tsohon gwaji ya rage amfani. Masu zubin ƙarya su ka yawaita, musamman a ƙasar Ijebu, har masana harshe su na ganin daga sunan nan ne Hausa ta sami kalmar jabu. A 1938 hukuma ta fito da sabon sule mai kwari a tsakiyar gefensa don ya yi wuyar kwaikwayo.

To, ya kamata malamai masu koyar da tarihi su raba tambayoyi biyu in an kawo musu tsohuwar dala daga kayan gado: shin azurfa ce, kuma yaushe aka buga ta? Ta fari maƙeri ya na iya amsa ta nan take. Ta biyu kuwa sai an gwada ƙananan bambance-bambancen tambari da na ma'aikatun da su ka buga ta. Wanda ya ɗauki 1780 ya gina tarihin gida ko na gari a kanta, ya yi gini bisa rairayi.