Fasahar magana: Zaɓen kalma da kyautata furuci

Kalmar "diction" ta Ingilishi ta samo asali ne daga harshen Latin, inda take nufin faɗar magana. A yau tana da ma'anoni biyu: irin kalmomin da mai magana ko marubuci ya zaɓa, da kuma yadda yake furta su har mai sauraro ya ji sarai.

Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin falsafar nan na ƙasar Girka, Aristotle, ya bayyana cewa kyan magana shi ne ta fito fili, kada ta zama ta kasuwa, kada kuma a cika mata ado.

Malaman balaga na Larabci sun haɗa ma'anonin biyu cikin kalma guda, wato fasaha, wadda Hausa ta ara. A wurinsu kalma ba ta cika fasaha sai ta kuɓuta daga nauyi a harshe, da zama baƙuwa ga masu sauraro, da kuma saɓa wa ƙa'idar sarfu.

Babu inda alaƙar ta fi fitowa kamar a labarin Wasil bin Ata, malamin Basra da ya rasu a shekarar 748 miladiyya. Al-Jahiz ya ruwaito a littafinsa Al-Bayan wat-Tabyin cewa Wasil ba ya iya furta harafin "ra" daidai. Maimakon ya bar wa abokan muhawara abin dariya, sai ya riƙa kauce wa duk kalmar da ke da harafin. Idan zai ambaci alkama, sai ya bar "burr" ya ce "ƙamh" ko "hinɗa". Har doguwar huɗuba ya taɓa yi babu "ra" ko ɗaya a cikinta, abin da ba ya yiwuwa sai ga wanda ya mallaki harshen ƙwarai.

A Hausa kuwa, sakacin furuci kan sauya ma'ana ɗungurungum. "Kafa" daban, "ƙafa" daban. Haka kuma gashin kai da gashin nama rubutunsu ɗaya ne a boko, jan wasalin farko ne kawai ya raba su. Shi ya sa mai karanta labarai a rediyo ya fi marubuci shiga hatsari, domin mai sauraro ba shi da damar komawa baya ya sake duba jimlar.