Tarihin Akwatin Da Muke Rubutu A Cikinsa

 

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a cikinmu ya san ɗan farin akwatin nan da ake dannawa, wani siririn layi ya fara ƙiftawa yana jiran harafi. Mu buga kalma ta fito, in ba ta yi mana ba mu goge, mu ɗauko sakin layi daga ƙasa mu mayar da shi sama. Sabo ya sa muke ganin kamar da haka kwamfuta ta zo. Alhali sai da aka shafe shekaru ana fafutuka kafin a samu wannan sauƙin, kuma domin masu gyaran rubutu aka yi fafutukar.

A shekarun 1960, mai son gyara rubutu a kwamfuta galibi ba ya ganin shafinsa gaba ɗaya. Sai ya ba na'ura lambar layi, ya buga umarnin canza kalma kaza da kaza, sannan ya sa ta buga masa layin ya duba ko gyaran ya shiga. A ranar 9 ga Disamba, 1968, Douglas Engelbart ya tsaya gaban taron masana a San Francisco ta Amurka, ya nuna musu yadda ake nuna kalma da linzamin kwamfuta a gyara ta a fuskar allo. Sai dai tsarinsa na ƙwararru ne, yana buƙatar haddace umarni masu yawa.

Daga nan aikin ya koma cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. A 1974 Butler Lampson da Charles Simonyi suka samar mata da manhajar rubutu mai suna Bravo, wadda abin da mutum ya gani a allo shi zai fito a takarda. Amma Bravo tana da tarko. Yanayi biyu gare ta, na rubutu da na umarni, kuma harafi ɗaya yana iya zama rubutu ko umarni gwargwadon yanayin da take ciki. Misalin da aka fi bayarwa shi ne na wanda ya manta yana yanayin umarni ya buga kalmar edit: harafin e ya zaɓi rubutun duka, d ya goge shi, i ya buɗe yanayin rubutu, t ya zauna shi kaɗai a shafi. Mu ƙaddara babi goma na littafinmu ne suka koma harafi ɗaya.

Wanda ya ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan tarko shi ne Larry Tesler. Tsananin ƙin da yake wa tsarin ya sa har lambar motarsa ya rubuta mata NO MODES, wato ba ya son yanayi-yanayi. Shi da Tim Mott suka gina manhajar Gypsy, wadda aka kammala a 1975 domin ma'aikatan Ginn, wani kamfanin buga littattafan makaranta mallakar Xerox. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: danna inda kake so, ka buga, harafi ya shiga wurin. Kalmomin yankewa da liƙawa da muke amfani da su yau daga teburin editoci aka aro su, domin su da almakashi suke yanke sakin layi, su shafa gam su liƙa shi inda ya fi dacewa.

Tesler ya koma kamfanin Apple a 1980, tunaninsa ya shiga kwamfutar Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984. A nan aka ɗora aikin kan madannai huɗu da ke jere: Z na janye kuskure, X na yankewa, C na kwafa, V na liƙawa. Simonyi kuwa ya tafi Microsoft a 1981, aka fitar da Word a 1983. Tesler ya rasu a Fabrairun 2020 yana da shekara 74.

Mu masu rubutun Hausa akwai ƙarin jiran da muka yi. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta na Amurka alamomi 128 kacal gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ya ba kowane ɗaya daga cikinsu lambarsa ta dindindin. Yau akwatin yana karɓarsu, don haka in muka rubuta kasa a inda muke nufin ƙasa, ko dari a maimakon ɗari, laifin ba na na'ura ba ne.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi. Magabatanmu da suka yi rubutu da tafireta, in suna son canza sakin layi ɗaya sai sun sake buga shafin gaba ɗaya, kuma sun yi. Mu da gyara ya zame mana kyauta, mu ne muke saka labari a nan ko karantawa ta biyu ba mu yi masa ba, da sunan jaruma ya canza a tsakiya, da jimla mai layi shida babu aya.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauko shafi ɗaya da ya riga ya rubuta. Mu yanke sakin layin farko mu gani ko labarin zai tsaya ba shi, mu matsar da jimla ɗaya zuwa inda ta fi ƙarfi, mu saka wa kowane harafi lanƙwasarsa. In gyaran bai yi ba, madannin Z yana nan. Sai mu kawo tsohon shafin da sabon mu duba tare.

Allah ya ƙara mana basira, amin.