Begen Ƙuruciya a Finafinan Zamanin 'Yan Hifi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda masu shirya fim a Amurka suka yi ta waiwayen zamanin 'yan hifi, wato samarin da suka bijire wa al'adun iyayensu daga tsakiyar shekarun 1960. Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya, amma wajibi ne mai nazarin tarihi ya tambaya: wa ke waiwayen, kuma me ya ƙi gani?

Zamanin kansa

Wannan yunƙuri ya bunƙasa ne a unguwar Haight-Ashbury ta birnin San Faransisko a 1967. Samari sun bar gashi ya yi tsawo, sun zauna gida ɗaya ana cin tukunya ɗaya, wasunsu sun faɗa shaye-shaye, galibinsu kuma sun ƙi yaƙin Biyetnam. A watan Agusta na 1969 kimanin mutum 400,000 suka taru a bikin kiɗa na Woodstock a jihar Niyok. Ba a cika shekara ba, ran 4 ga Mayu 1970, dakarun jihar Ohayo suka harbe ɗalibai 4 a Jami'ar Kent yayin zanga-zangar ƙin yaƙi. Ke nan murna da makoki tare suka tafi.

Finafinan

Abin lura shi ne, finafinan da suka fi shahara wajen begen wannan zamani ba su cika tsayawa a tsakiyarsa ba, sai a bakin ƙofa. Fim ɗin George Lucas, American Graffiti (1973), labarin dare ɗaya ne a 1962, kafin guguwar ta taso. Sai a ƙarshe ake sanar da mai kallo a rubuce cewa ɗaya daga cikin samarin ya ɓace a Biyetnam, wani kuma yana zaune a Kanada. Shi kuwa Almost Famous (2000) na Cameron Crowe, a 1973 ya kafa labarinsa, lokacin da kasuwa ta fara watsewa. Yaro ne ɗan shekara 15 yake bin wata ƙungiyar makaɗa don ya rubuta labarinsu a mujallar Rolling Stone, kamar yadda Crowe ya yi a ƙuruciyarsa. Abin da yaron ya tarar shi ne kiɗan tawaye ya riga ya zama haja.

Biyu ne a cikin fitattun suka fuskanci ɗacin al'amarin. A Hair (1979) na Milos Forman, wani ɗan hifi ya shiga bariki a madadin abokinsa don abokin ya samu fita na ɗan lokaci, sai aka kwashe shi zuwa fagen fama, can ya mutu. A Running on Empty (1988) na Sidney Lumet kuwa, iyaye ne ke gudun hukuma tun 1971, sa'ad da suka dasa bam a wani ɗakin binciken makamai. Ɗansu mai baiwar kiɗa ya tsinci kansa tsakanin biyayya ga iyaye da neman makomarsa. A nan 'ya'ya ne ke biyan bashin da ba su ci ba.

Kammalawa

Daga misalan nan za a fahimci cewa abin da ake bege ba aƙidar 'yan hifi ba ce, ƙuruciya ce da ta wuce. Lucas da Crowe duk nasu samartakar suka mayar fim. Haka kuma kusan dukkan manyan 'yan wasan farare ne; baƙaƙen fatar da aka tura yaƙin, da mutanen Biyetnam da aka yi yaƙin a ƙasarsu, da ƙyar ake jin ɗuriyarsu. Yanzu da ake iya kallon waɗannan finafinai ta intanet, ya kamata malami ya sa ɗalibansa su riƙe shekara biyu a kan kowanne: shekarar da labarin ya auku, da shekarar da aka shirya fim ɗin. Shaidar da fim ke bayarwa ta fi ƙarfi a kan ta biyun.