Yadda Aka Auna Noma a Jazira da Manaƙil

Tun kafin a kammala madatsar Sinnar a 1925, Turawan Ingila sun buɗe gonar bincike a Wad Madani a 1918. Aikinta shi ne gano abin da ke ƙara yabanyar auduga. Sukan yanka fili ƙanana-ƙanana, su bambanta lokacin shuka, tazara, taki da yawan ruwa, sannan su auna abin da kowane yanki ya bayar.

Farkon shekarun 1930 ya nuna cewa awon kaka ɗaya yakan yaudari mai awo. Cututtuka suka kama auduga, girbi ya faɗi, dole aka tsawaita hutun gona, aka riƙa tuge karan auduga ana ƙonewa. Daga nan aka ƙara ba gwajin shekaru masu yawa muhimmanci, domin gajiyar ƙasa ba ta bayyana a dare ɗaya.

Da aka faɗaɗa shirin zuwa Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950, hutun gona ya gajarta. Hausawa, waɗanda ake kira Fallata, suna cikin masu cirar audugar nan. Ma'aunin hukuma ya ƙirga nauyin auduga, bai ƙirga guminsu ba.