Amina, Daurama da Biram: Hasashen 'yan wasa kan tarihin Hausa a wasannin kwamfuta

Ƙarin babi wani sabon sashe ne da kamfanin wasan kwamfuta yake ƙera wa wasan da ya riga ya shiga kasuwa, sannan ya sayar da shi daban: sabuwar daula, sabbin mayaƙa ko sabon labari. A kantunan intanet DLC ake kiransa. Tsakanin ranar da aka sanar da shi da ranar da zai fito akan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma a wannan tsakanin ne masoya wasan suke cin kasuwar hasashe. Sukan tsayar da bidiyon talla hoto bayan hoto suna duban rawani da ginin soro, sukan bi jerin lambobin yabo da aka ɗora a Steam, wasu ma sukan tona fayilolin wasan suna neman sunan da masu ƙira suka manta ba su goge ba.

A wasannin tatsuniya zalla, abin da ake gardama a kai ƙirƙirarre ne, kuma ba a ci zarafin kowa ba idan an yi kuskure. Wasannin dabarun mulki da yaƙi kuwa tarihin mutane na gaske suke ɗauka su mai da shi labarinsu. Tarihin Hausa ma ya shiga cikin abin da ake ɗauka.

Yadda Hausawa suka shiga fagen

Misali mafi bayyana shi ne na Age of Empires III. A watan Afrilun 2021 masu wasan suka bayyana cewa wani ƙarin babi na Afirka yana tafe, ba su faɗi daulolin da za su sa ba. Masoya suka yi ta jefa sunaye: Habasha, Maroko, Asante, Zulu. Da aka saki babin ranar 2 ga Agusta, 2021, da sunan The African Royals, sai ya zo da al'ummu biyu, Habashawa da Hausawa. Kano ce babban birnin Hausawan cikin wasan, Sarauniya Amina ce fuskarsu, kuma a rundunarsu akwai barde mai lifidi, da maharbin Fulani, da wani mayaƙi da aka kira Maigadi. Akwai kasuwar dabbobi, akwai rumbu, akwai fada.

Kafin wannan, a Satumbar 2020, kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da Crusader Kings III. Cikin sarakunan da wasan ya ba sabon shiga shawarar ya fara da su a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura, kuma an tanadi lambar yabo ta musamman ga wanda ya fara da ita ya yaɗa addinin gargajiya a faɗin Afirka. A Fabrairun 2025 kuma Civilization VII ya fito da Amina cikin shugabanninsa, da ƙarin ƙarfi ga dakarunta a fili da sahara. Sai dai ranar da wasan ya fito babu daular Hausa a cikinsa. Mai son Amina sai ya haɗa ta da Songhai, ko Aksum, ko wata daular dabam. Wannan giɓin ne ya haifar da hasashe a tsakanin masoya: ko an ajiye Hausawa ne don a sayar da su a wani babin gaba?

Irin wannan jiran masoyan Crusader Kings III ma suna yinsa. Babin 2021 ya tafi ga mutanen arewacin Turai, na 2022 ga Andalus da maƙwabtanta, na 2023 ga Farisa, na 2024 ga Rumawan Gabas, a 2025 kuma aka nufi makiyayan Asiya. A cikin waɗannan babu na Afirka ta Yamma. Kuma jira ba ya tabbatar da samu: a Fabrairun 2024 an yi wa masoyan Age of Empires III alkawarin babin Denmark da Poland, suka kusa shekara suna hasashen abin da zai ƙunsa, a Janairun 2025 aka soke shi.

Inda ake samo labarin

Hasashe ba daga sama yake faɗowa ba. Mai hasashe a Brazil ko Jamus abin da ya iya karantawa yake juyawa, haka ma mai binciken da kamfani ya ɗauka. Abin da ke hannunsu game da ƙasar Hausa kaɗan ne, mafi yawansa kuma da Turanci: fassarar Tarihin Kano da H. R. Palmer ya buga a 1908, da labarin Bayajida, da 'yan shafukan Wikipedia. Shi ya sa fuskoki uku suke ta dawowa, wato Amina da Daurama da birnin Kano.

Ko su ukun ma ba a gama daidaitawa a kansu ba. Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta shekara 34 tana yaƙi har Kwararrafa da Nupe. Labarin da ya fi yaɗuwa a Zazzau kuwa ya mai da ita 'yar Bakwa Turunku, a ƙarni na 16. Sama da shekara ɗari ke tsakanin ƙaulin biyu, kuma masana ba su rufe maganar ba. Wasa ba ya iya barin tambaya a buɗe: dole ya zaɓi shekara, ya zana fuska, ya ba da murya. Haka abin yake ga Daurama. Labarin rijiyar Kusugu ba shi da shekara a bakin masu ba da shi. 867 ɗin daga tsarin wasan ta fito. Bori kuma, wanda a ƙasar Hausa harka ce ta iskoki da girka da magani, an mai da shi addini mai iyakoki a taswira, wanda sarki zai iya gyara wa ƙa'idoji ya ɗora wa talakawa, domin injin wasan addinai irin haka kawai ya sani.

Wani kuskuren ƙarami ne amma yana nuna hanyar da labarin ya biyo. Mawaƙin da ke cikin rundunar Hausawa a Age of Empires III Griot aka kira shi, kalmar da ta shigo ta Faransanci, wadda aka fi sani da mawaƙan gado na ƙasashen Mande da Senegal. Hausa tana da maroƙi, tana da makaɗi, tana da sanƙira, kowanne da aikinsa a fada.

Wanda ya fi nauyi shi ne sunan da aka ba ɗaya daga yaƙe-yaƙen tarihi uku na babin: Fall of the Hausa, wato faɗuwar Hausawa, kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya faɗi tsakanin 1804 da 1808, lokacin da aka ci Alkalawa, gidajen sarauta ne. Hausawa da yawa sun yi yaƙi a bayan Shehu, kuma harshen Hausa ƙara yaɗuwa ya yi a daular da aka kafa. A lokacin da muhawarar Hausa da Fulani ke yawan tashi a Facebook da TikTok, kanun da ya mai da jihadin karon ƙabila da ƙabila ba ƙaramin abu ba ne, ko da mai rubuta shi gajeren suna kawai yake nema.

Gabashin da ba a hasashensa

Wanda ya tsaya a Miga, a fadamar kogin Haɗejiya, ya dubi wannan jerin, zai ga an tsallake yankinsa, alhali a nan labarin Hausa Bakwai ya fara haihuwa. A yadda ake ba da shi, da Bayajida ya gudo daga Borno, a Garun Gabas kusa da Haɗejiya ya bar matarsa 'yar Mai da ciki, ta haifi Biram. Daga nan ya wuce Gaya maƙera suka yi masa wuƙa, sannan ya isa Daura. Jikokinsa shida ta wajen Bawo su ne Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano; Biram ne cikon na bakwai, kuma shi ne ɗan fari. Wasan da ya ɗauki Daurama ya ɗauki rabin labarin ne.

Miga kanta tsohuwa ce a rubuce. Tarihin Kano ya ambaci cin Migawa da yaƙi a zamanin Abdullahi Burja, tsakanin 1438 da 1452, wato sarkin da ya biyo bayan Daudan da aka ambaci Amina a zamaninsa. Sunan yana cikin littafin da masu hasashe suke ɗebo Amina, shafi kaɗan a gaba. Kafin jihadi, ƙananan masarautun wannan kwari, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya, Borno suke bi ta hannun Galadima da ke Nguru. Ƙasa ce ta kan iyaka, tsakanin Kano da Borno, kuma irin wannan ƙasar ce wasannin dabaru suka fi jin daɗi: ƙaramin sarki tsakanin manya biyu, ga kogi mai cika ya janye, ga kifi da kiwo da noman fadama da kowa ke kwaɗayi.

Sannan ga Buhari, Sarkin Haɗejiya, wanda ya hau a 1848. Sakkwato ta tuɓe shi, ya dawo da ƙarfin takobi, ya karya rundunar haɗin gwiwa da aka tura masa a Kafur, ya ci gaba da mulki ba tare da bin Sarkin Musulmi ba har ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Bade. Gabashin ƙasar Kano, inda Miga take a wancan zamani, ya sha hare-harensa, don haka ba kowa ne a yankin yake tuna shi da alheri ba. Zamaninsa yana cikin shekarun da Victoria 3 ya ɗauka, 1836 zuwa 1936, wasan da Sakkwato take cikin taswirarsa. Haka ma ranar 25 ga Afrilu, 1906, da sojojin Ingila suka afka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya aka kashe shi tare da manyan fadawansa, shekara uku bayan Kano da Sakkwato sun faɗi.

Dalilin da ya sa waɗannan sunaye ba sa fitowa a hasashe ba ɓoyayye ba ne. Labarin Buhari da na 1906 sun fi rayuwa a bakin dattawa, da waƙoƙin fada, da kundayen digiri da ke ɗakunan karatu na jami'o'in Kano da Zariya, ba a inda injin bincike zai kai gare su da sauƙi ba. Waɗanda suka gaji labarin kuma ba su cika zama a zauren da ake hasashen ba. Age of Empires III kwamfuta yake buƙata, sauran ma kwamfuta ko na'urar wasa mai tsada, da wutar da ba ta yankewa, alhali wasan matashi a garuruwan Jigawa ya fi yawa a waya, ko ƙwallon PlayStation a shagon haya. Muhawarar da Turanci ake yinta, a Reddit da Steam da zaurukan kamfanonin, kuma Paradox, alal misali, yakan wallafa bayanin abin da yake ƙerawa kafin ya fito, ya karanta martanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa.

Tarihin Kano kuwa akwai shi da Hausa tun farkon shekarun 1930, a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da aka buga a Zariya ƙarƙashin kulawar Rupert East. Ambaton Amina da na Migawa duk suna ciki.