Tsohuwar kwamfutar tebur a Magarya da Dungas: yadda ta zo mana da yadda aka koyi ɗaura mata "kart mer"

 Yau za mu waiwayi tarihin wani akwatin ƙarfe da kowa ya saba gani ƙarƙashin tebur, a ma'aikatar magajin gari, a ofishin daraktan lakwal, ko a shagon masu tura finafinai na bakin tasha. Wasu na ce masa odinatar, wasu kwamfuta. In aka kwance murfinsa, abin da ido zai fara faɗawa a kai shi ne wani faffaɗan allo, galibi kore, wanda kowane sashe na na'urar ke maƙale da shi. Masu gyaran da suka koyi aiki a Damagaram ko Yamai suna kiransa kart mer, wato allon uwa da Faransanci. Waɗanda suka koyo a Kano kuwa bod kawai suke cewa. Mu da ke zaune tsakanin biyun, duka sunayen muke ji.

Dattawanmu da suka yi aikin gomnati sun san zamanin daktilo, lokacin da sakatare ke jera takarda uku da kabon a tsakani ya yi ta bugu, in harafi ɗaya ya kuskure a sake daga farko. A can Amurka kuwa, tun watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar tebur da ta zama uwa ga duk waɗanda muke gani yau. A 1984 ya fitar da samfurin AT, sauran kamfanoni suka kwaikwayi girman allonsa da wuraren ƙusoshinsa. A 1995 kamfanin Intel ya kawo sabon tsari mai suna ATX, kuma shi ne har gobe ake bi. Amfanin wannan daidaito shi ne allon da aka ƙera a Taiwan zai zauna daram cikin akwatin da aka ƙera a wata ƙasa. Ba don haka ba, da sana'ar haɗa kwamfuta daga gwanjo ba ta yiwu a wajenmu ba sam.

Ta ƙofa biyu na'urar ta shigo mana. Ta farko ƙofar ofis ce. Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004 ya sa garuruwa irin su Bande, Wacha, Dantchiao, Sassumburum, Malawa, Gushi da Dogo-Dogo suka samu majalisunsu, kuma majalisa na tafe da rajistar haihuwa, kasafin kuɗi da wasiƙu. A 2005, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar Damagaram, kowace da na'urorinta da masu shigar mata da alƙaluma. A 2011 Dungas ta fita daga ƙarƙashin Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka ƙara sababbin ofisoshi. Samari da yawa a irin waɗannan wurare suka fara taɓa linzamin kwamfuta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kudu, kuma ita ce ta talaka. Ofisoshin Turai da Amurka kan sauya na'urorinsu bayan ƴan shekaru, dillalai su kwashe tsofaffin su cika kwantena sai tashar jirgin ruwan Legas. Daga nan sai kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba, sai Kano wajen titin Beirut, sai a ɗoro su bisa mota ta Babura ko ta Maigatari, a tsallako iyaka tare da atamfa da kayan masarufi. A watan Oktoban 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoto cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas kowane wata, kuma ƴan kasuwar da kansu sun shaida mata cewa wani lokaci har kashi 75 cikin 100 ba su da sauran amfani. Ƙasashen Afirka sun sa hannu kan yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba, amma wa zai tsaya a bakin teku ya kunna kwamfuta dubu ɗaya bayan ɗaya don ya raba mai rai da gawa? Kayan sun yi ta wucewa da sunan gwanjo.

To daga nan ne sana'ar ta samo asali. Wanda ya sayo akwati uku yakan tarar ɗaya allonsa ya mutu, ɗaya faifan ajiyarsa, ɗaya tukunyar wutarsa. Dole a fasa ukun a fitar da guda mai aiki. Kuma darasin farko da kowane yaron shago ke koya, tun kafin a ba shi sukundireba, shi ne ɗan jan makunnin nan na bayan akwati mai lamba 115 da 230. Kuran ɗin Amurka bolt 110 zuwa 120 ne, namu 220. Na'urar da ta taso daga can makunninta na kan 115. In ka jona ta haka a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi, jikkunanka sun tafi kafin ka ga ko harafi ɗaya a allo.

Ɗaura allon kansa aiki ne na natsuwa. Allon ba ya kwanciya kai tsaye bisa ƙarfen akwati. Akwai ƴan ƙafafu na tagulla da ake murɗawa daidai da ramukansa, kuma ƙafa ɗaya da aka manta a inda babu rami ta isa ta haɗa wuta ta ƙasa ta hana na'urar tashi. A lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙarau, jikin mutum kan tara wata ƴar wuta, irin wadda ke tartsatsi in ka cire rigar leda da dare. Ita kaɗai tana iya kashe ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya sa gwanaye ke fara dafa ƙarfen akwati kafin su taɓa allo. A tsofaffin allunan AT, igiyar wuta kan zo da kai biyu masu kama da juna, ƙa'idar da aka haddace ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, in aka juya su allon ya ƙone. ATX ta kawar da wannan haɗari da kai guda mai baki 20, daga baya 24, wanda ba ya shiga a juye. Amma da Pentium 4 ta fito a ƙarshen 2000 sai aka ƙara wata ƙaramar igiya mai baki 4 kusa da ƙwaƙwalwa, kuma an sha ganin mutum ya gama haɗa komai, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, ashe ita ce bai jona ba.

Ita ƙwaƙwalwar, kowane zamani da gurbinta. Pentium II ta 1997 a tsaye take shiga kamar kaset. Pentium 4 ta gurbin 478 allurai ne da ita a ciki, ɗaya ta lanƙwashe sai an zauna da reza ana miƙe ta a hankali. Daga 2004, a gurbin 775, alluran suka koma jikin allon, wanda ke nufin yatsa ɗaya cikin ganganci ya isa ya lalata kart mer ɗungurum. Akwai ɗan alwatika a kusurwa da ke nuna yadda za a ɗora ta, sannan a ɗiga man nan mai ruwan toka tsakaninta da ƙarfen sanyaya, kamar ƙwayar dawa, ba a lafta ba. Sandunan ram ma haka: SDRAM tsaga biyu gare ta, DDR tsaga ɗaya, DDR2 da DDR3 kuwa bakinsu 240 ne duka amma tsagar ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya ce sai ya danna da ƙarfi, shi da aljihunsa.

Sai faifan ajiya. Kafin igiyar SATA siririya ta yaɗu daga 2003, faffaɗar igiya mai baki 40 ake amfani da ita, jan layinta na nuna gefen farko. Igiya ɗaya na ɗaukar na'ura biyu, don haka sai an matsar da wata ƴar hular roba a bayan kowace don a nuna wace ce babba wace ce ƙarama. Su duka biyun suka ce su ne babba, to kamar gida mai maigida biyu ne, ba wanda za a ji. Masu gyara na farko ba littafin allo suke samu ba, gwanjo ba ya zuwa da takarda. Ƙananan rubutun da ke jikin allon suke karantawa da tocila, wayoyin makunnin gaba kuwa gwaji ne har a dace.

In an kunna aka ji "ƙit" guda ɗaya gajere, sai a yi hamdala. Kuka mai tsawo ko mai maimaituwa yawanci ram ne bai zauna ba. Daga nan sai shiga BIOS, shuɗin shafin nan da ba ya jin linzami: Del a yawancin alluna, F2 a Dell, F10 a HP da Compaq. A nan ake saita kwanan wata da abin da na'ura za ta fara karantawa, faifan CD ko na ciki. Wani lokaci a tarar ofishin da ya yar da ita ya bar mata kalmar sirri, sai a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, a jira kaɗan a mayar, ta manta komai. Batirin nan ƙarami ne amma ya sha jawo magana. In ya mutu, duk safiya na'ura sai ta koma shekarar da aka ƙera ta, sakataren da bai lura ba ya buga takarda da kwanan watan da ya wuce shekara goma.

Windows XP, wadda ta fito a Oktoban 2001, ita ce ta yi sarauta mafi tsawo a teburanmu, don da ram na megabait 128 ma tana tafiya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilun 2014, mu kuwa ba mu ma ji labari ba, aiki muka ci gaba da yi. Wahalarta ita ce direbobi: ka gama sakawa, ba sauti, ba hoto mai kyau, ga intanet ba ƙarfi. Mai gyaran da ke da jakar faifan direbobi a lokacin, shi ne sarki. Akwai kuma rigimar da ta zama tamu mu ƴan iyaka: allon rubutun da ya zo daga Kano jerin Ingilishi ne, QWERTY, Windows ɗin da aka saka kuwa ta Faransanci ce mai jiran AZERTY. Ka danna A ta ba ka Q. Su ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kuwa ba su kan ko ɗaya daga ciki, shi ya sa takardun Hausa da yawa na wancan zamani suka fita ba lanƙwasa, "ƙasa" da "kasa" suka zama abu guda.

Wata annoba ma ta biyo gwanjon. Tsakanin wajajen 1999 da 2007 an ƙera alluna masu yawa da gurɓatattun kwandansa, ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da ƙwaƙwalwa. Kansu kan kumbura, su tsiyayar da wani abu ruwan ƙasa, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi. Samfurin OptiPlex GX270 da GX280 na Dell sun yi suna a kan haka, har a 2005 kamfanin ya ware kimanin dala miliyan 300 don gyara, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A can allon duka ake sauyawa. A nan masu gyaran rediyo da talabijin ne suka shigo da ƙarfen darmarsu, suka riƙa cire kumburarrun suna dasa waɗanda suka ciro daga matattun alluna. A ganinmu waɗannan mutane ba a ba su haƙƙinsu a labarin ba, don su ne suka ƙara wa na'urori da yawa shekaru.

Sauran abokan gaba namu ne na gida: ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da kuran mai zuwa yana komawa. Kafin 2023, mafi yawan wutar yankinmu daga Najeriya Nigelec ke sayo ta, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai Maris 2024. Wutar gurup mai hawa da sauka ta cinye tukwanen wuta ba adadi a watannin nan.

Wayar salula, wadda Celtel ta fara kawowa ƙasar a 2001, an zaci ita za ta binne kwamfutar tebur, sai ga shi ta ba ta sabon aiki. Da wayoyi masu katin ajiya suka cika kasuwa, tsohuwar Pentium 4 ko Core 2 Duo ta koma shagon turi, cike da finafinan Kano, fassarar Indiya, wa'azi da waƙoƙi, ana tura wa mutane a kan ƴan daloli ko nairori ranar kasuwa. Wasu kuma suka koma buga katin biki da takardun neman aiki.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, Windows 11 kuwa ba ta yarda da yawancin allunan da aka ƙera kafin 2017. Ma'ana wani sabon tulin gwanjo na nan tafe, tsofaffin namu kuma za a ƙara tura su sito, daga sito sai hannun ƴan gwangwan masu saye a kilo. Abin da ke damunmu shi ne faifan da ke ciki. A cikinsu akwai jerin sunayen ɗalibai, rajistar da aka buga, hotunan suna da biki, da muryoyin dattawan da aka ɗauka waɗanda yau ba su da rai. Sau da yawa allon ne ya mutu, faifan lafiyarsa lau. Ƙusa huɗu ke riƙe da shi, kuma akwai ƴar igiyar da ke haɗa tsohon faifai mai baki 40 da kowace kwamfuta ta ƙofar USB, ana samunta wajen masu kayan kwamfuta a Damagaram da Kano. Duk mai irin wannan akwati a ofis ko a ɗaki, ya sa a ciro masa faifan a kwashe abin da ke ciki kafin mai kilo ya zo.